Ban Ce Lafiya Lau Ba

Tun ina yaro na haddace gaisuwa
kamar yadda ake haddace lissafi:
Ina kwana? Lafiya lau.
Ina gajiya? Ba gajiya.
Ba wanda ya koya mini amsa ta biyu.

A gida sunana miskili.
A nan Sheffield, ina da shekara talatin da takwas,
wata likita mai jan tabarau ta raɗa wa abin suna: otizim.
Ta miƙo takarda mai ninki uku,
ta ce in kula da kaina.
Na manta ta a aljihu, ruwan wanki ya cinye.

Kullum da asuba nakan sa fuska kamar riga.
In kalli tsakanin girar mutum, ya zaci idonsa nake kallo.
In yi dariya bayan ta mutane da daƙiƙa biyu.
A ɗakin wankin asibiti inda nake ninke zannuwa
fitilu na kukan sauro, ni kaɗai nake ji.
Da yamma in tuɓe fuskar
in tarar ba kowa a ƙarƙashi.

Bara aka sauya mini lokacin aiki ba sanarwa.
Taragon ƙarfe shida da minti goma sha biyu
ya daina zama nawa.
Ƙaramin abu ne, in ji su.
To, ai zare ɗaya ake ja saƙa ta warware.
Sai wani tunani ya shigo ba sallama,
ya zauna a bakin gado
yana yi mini lissafi:
in an debe ka, me ya ragu?

Aka ce in buga waya.
Waya rijiya ce, in na leƙa muryata faɗawa take.
Aka ba ni fom: yaya kake ji, daga ɗaya zuwa goma?
Ni da ban rarrabe yunwa da baƙin ciki
sai sun kwana biyu a jikina.
Ma'aikacin ya dubi askina da gugar rigata,
ya ga ba hawaye,
ya rubuta cewa ba abin damuwa.
Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutanenmu.
Tawa ta aro ce. Me ta sani?

Yayata Uwani ce ta zo daga Leicester a motar dare.
Ta kashe fitilar sama.
Ba ta zauna gabana ba, gefena ta zauna,
ta juya ambulan ɗin kuɗin wuta ta rubuta:
Sallau, kana tunanin kashe kanka?
Ba habaici, ba zagaye.
Ta ajiye biro.
Buta ta tafasa, ta huce,
ba ta cike shirun da komai ba.

Na rubuta: Eh.

Rufin ɗaki bai faɗo ba.
Ba ta yi mini wa'azi ba,
ba ta ce kai da kake Turai ba.
Ta ce: na gode da ka faɗa mini.

Yanzu akwai takarda a ƙofar firji, rubutun hannuna:
alamun da nake yi in ruwa ya fara cin gaɓa,
lambar da ake tura wa saƙo ba sai an yi magana ba,
sunan mutum uku.
Ta raka ni asibiti, ta nemi ɗaki marar ƙara,
ta ce su yi mini tambaya ɗaya ɗaya,
su jira.

Baƙon nan bai bar garin ba.
Yakan zo, kamar yayyafin ƙasar nan,
amma ya daina samuna ni kaɗai.

Jiya da dare wayata ta yi haske.
Ina gajiya? in ji Uwani.
Na daɗe ina kallon haruffan.
Na rubuta: akwai gajiya.
Ta ce: ina nan. Ba ni labarinta.